Daga Turu Zuwa Ɗakin Likita: 'Yancin Likitocin Ƙwaƙwalwa da Haƙƙin Majinyatan Ƙasar Kazaure

A arewa maso yammacin Jihar Jigawa, idan ka ji an ce za a kai wane Kazaure, ba kullum ake nufin kasuwa ko fadar Sarki ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu ba. Sau da yawa asibitin masu taɓin hankali da ke garin ake nufi. Can ne iyalai daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura suke kai ɗa ko 'ya, uwa ko miji, bayan an sha rubutu, an yi turare, an yi ruƙiyya, an sayar da tunkiya, abin bai lafa ba. Ƙananan hukumomin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa kaɗai sun haura mutum rabin miliyan tun a ƙidayar 2006, yanzu kuwa an ƙaru ƙwarai. A cikin wannan jama'a akwai magidancin da ciwon damuwa ya hana shi fita gona, akwai maijegon da hankalinta ya juya kwana kaɗan bayan suna, akwai saurayin da ƙwaya ta rikita, akwai dattijon da ya fara manta sunayen 'ya'yansa.

Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin sunan Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ake taƙaita sunanta da APN. Amma abubuwa da yawa na rayuwarsu suna rataye da tafiyar da wannan fanni ya yi: wane ne ya cancanci a kira shi ƙwararre, wa ya horar da shi, wa ya jarraba shi, wace doka ce ta ba shi ikon kwantar da mutum ko ta hana shi. Cikin shekara ɗari da 'yan kai, likitocin wannan fanni sun tashi daga matsayin masu gadin gidajen tsare mutane, sun zama ƙwararru masu ƙungiyarsu da jarrabawarsu da bakin magana a gaban majalisa. Wannan 'yanci abin farin ciki ne, kuma amana ce. Wanda za a tambaya ko an riƙe ta shi ne majinyacin da ke ƙauyen Gwiwa.

Zamanin da alƙali ke yanke hukunci

Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a Kalaba a 1904, sannan wani a Yaba da ke Legas a 1907. A 1916 suka kafa dokar da ta tsara yadda za a riƙa kama irin waɗannan mutane, aka yi mata kwaskwarima a 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai. Manufar dokar a fili take: a kawar da mutum daga titi don kada ya dami jama'a. Likita zai iya sa a tsare wanda ake zargi na 'yan kwanaki don a lura da shi, sannan alƙalin majistare ya yi bincike ya ba da umarnin a kai shi gidan tsarewa. Ba a tanadi neman yardar majinyacin ba, ba a tanadi hanyar da zai kai kuka idan an zalunce shi ba, maganar magani ma ba ita ce a gaba ba. Inda babu gidan tsarewa, wanda kusan ko'ina ne a Arewa, sai gidan yari ya zama masauki.

A gida kuwa, abin da iyali suka sani shi ne turu da mari. Wanda ya fara duka ko fashe-fashe sai a zura ƙafarsa a gungume, ko a kai shi wurin malamin da ya yi suna da riƙon irinsu. Mafi yawan iyayen da suka yi haka ba don mugunta suka yi ba. Tsoro ne da rashin wata hanya. Sai dai raunin da mari ke bari a idon sawu bai san niyyar wanda ya ɗaura shi ba.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin ibada da hukunci, malamai kuma sun lissafa kiyaye hankali cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare. Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu a kan baƙin ciki da tsoro da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Saboda haka kai majinyaci wurin likita bai saɓa wa gadonmu ba.

Yadda ƙungiyoyi suka sauya suna a ƙasashen waje

A Ingila, likitocin da ke lura da gidajen tsare mahaukata sun haɗa ƙungiya a 1841, sunanta ma na ma'aikatan waɗannan gidaje ne. A 1865 suka sauke wancan suna suka ɗauki wanda ke nuna likitanci da nazarin tunanin ɗan Adam. A 1926 suka sami takardar amincewar masarauta. Duk da haka ragamar horo ba ta hannunsu. Difilomar da matashin likita ke nema a wannan fanni, jami'o'i ne da kwalejojin likitocin jiki da na fiɗa suke bayar da ita. Sai a 1971 ƙungiyar ta zama Kwalejin Masarauta ta Likitocin Ƙwaƙwalwa, Martin Roth ya zama shugabanta na farko. Daga nan ta fara shirya jarrabawarta, tana zagaya asibitoci tana tantance inda ya dace a horar da likita da inda bai dace ba. Wannan iko shi ne ainihin abin da aka yi shekaru ana nema. Sauya allon ƙofa ya biyo baya ne kawai.

Amurka ma haka ta bi. Shugabannin gidajen tsarewa goma sha uku ne suka kafa ƙungiyarsu a 1844, ta sauya suna a 1892, ta sake sauyawa a 1921 zuwa wanda take amsawa har yau. A Ayalan, likitocin ƙasar sun daɗe suna zaman reshe na kwalejin Landan, har zuwa 2009 da suka tsayar da kwalejinsu mai cin gashin kanta.

Dalilin da ya sa ake matsa wa wannan 'yanci ya bayyana ƙarara a tsohuwar Tarayyar Sobiyet. A can hukuma ta riƙa amfani da likitoci wajen lanƙaya wa masu sukar gwamnati ciwon hauka, ana kulle su a asibiti ana ɗura musu allurai. A taron Honolulu na 1977 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya ta yi tir da wannan aiki, ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a, kuma a 1983 ƙungiyar Sobiyet ta fice da kanta kafin a kore ta. Likitan ƙwaƙwalwa yana riƙe da ikon da sauran likitoci ba safai suke riƙe da shi ba: da sa hannunsa za a iya hana mutum fita, a karɓe masa ikon dukiyarsa, a ce maganarsa ba abin saurare ba ce. Idan ƙungiyarsa ba ta tsaya da ƙafarta ba, mai mulki ko mai kuɗi ko ɗan'uwan da ke hangen gado zai iya juya wannan iko yadda ya so.

Daga Aro zuwa Ijanikin

Thomas Adeoye Lambo ne ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a wannan fanni. Ya karanci likitanci a Birmingham, ya yi ƙwarewa a Landan, ya dawo ya karɓi asibitin Aro da ke Abeokuta a 1954. Abin da ya yi a can ya ja hankalin duniya. Maimakon ya tara majinyata a bayan katanga, sai ya yi yarjejeniya da ƙauyukan da ke kewaye da asibitin. Majinyaci zai zo da ɗan'uwansa guda, su kama ɗaki a gidan wani manomi, da rana ya je a duba shi a ba shi magani, da yamma ya koma cikin mutane ya ci abinci tare da su. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya jiki, ya yi aiki da su. A 1961 Abeokuta ta karɓi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka, daga baya shi kansa ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Amma shi da waɗanda suka biyo bayansa, irin su Tolani Asuni, duk takardun ƙwarewarsu daga Ingila suka ɗauko su. Ƙasar da ta sami mulkin kai a 1960 tana jiran wata ƙasa ta gaya mata wanda ya isa ya duba majinyatanta. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, 'yan tsirarun likitocin da ake da su suka kafa APN. A 1976 aka kafa Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, sannan a 1979 doka mai lamba 67 ta kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda ke Ijanikin a Legas. Kowacce daga cikin biyun tana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, kuma 'yan ƙasa ne ke tsara manhaja, su ne ke jarrabawa. Yau ɗan Roni ko ɗan Babura zai iya gama likitanci, ya yi ƙwarewa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ya zama babban likita ba tare da ya taka filin jirgi ba.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda aka raba aikin. Lasisin yin aikin likita da hukunta wanda ya saɓa ƙa'ida suna hannun Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Horo da jarrabawar ƙwarewa suna hannun kwalejojin nan biyu. APN kuwa murya ce: tana taron shekara-shekara, tana fitar da mujallar bincike, tana magana da gwamnati da 'yan jarida. Ba ta da ikon rufe asibiti, ba ta da ikon ƙwace lasisi. Ƙarfinta a ilimi yake da kuma naci.

Shekara ashirin ana neman doka

Nacin ya fi fitowa a batun doka. A 1991 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta sanya ta cikin ayyukan asibitocin matakin farko, a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Amma dokar 1958 tana nan daram. A 2003 sanatoci biyu, Ibiapuye Martyns-Yellowe da Dalhatu Sarki Tafida, likita daga Zariya, suka gabatar da ƙudurin sabuwar doka. Ƙudurin ya kwana a majalisa har aka janye shi a 2009. An sake kawo shi a 2013, bai je ko'ina ba. A majalisa ta tara Sanata Ibrahim Oloriegbe ya sake ɗaukar shi, shugabannin APN kuma, cikinsu har da Farfesa Taiwo Lateef Sheikh wanda ya taɓa riƙe asibitin Barnawa, suka dage da zirga-zirga tare da ƙungiyoyin farar hula da na majinyata.

Abubuwan da suka faru a Arewa sun ƙara wa maganar nauyi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. A watan Oktoba aka yi irin wannan a Daura, garin da hanyar Kazaure ta miƙe ta shiga. A watan Nuwamba ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a sassa daban-daban na ƙasar, a gidajen addini da na gargajiya har da wasu cibiyoyin gwamnati.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Dokar ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun tallafa wa wannan aiki, da kwamitin da zai duba ƙorafin wanda aka kwantar ba da son ransa ba. Ta haramta nuna wa majinyaci bambanci a wurin aiki da muhalli da asibiti, ta ba shi haƙƙin a yi masa bayani a nemi yardarsa, ta kuma gindaya sharuɗɗa masu tsauri a kan ɗaure mutum ko killace shi. Abin lura shi ne likitoci sun nemi dokar da ta rage musu iko, ta sa wani ya riƙa duba aikinsu. A nan ake gane ƙungiyar da ta girma.

Aiki bai ƙare ba. Harkar lafiya a Najeriya ta tarayya ce da jihohi, kuma asibitocin da talakan Jigawa ke zuwa na jiha ne da na ƙananan hukumomi. Legas da Ekiti sun yi nasu dokokin. Haka nan sashe na 231 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da likitoci suka daɗe suna neman a soke, domin tsoron 'yan sanda yana sa iyali su ɓoye mutumin da ya fi kowa buƙatar likita.

Hanyar da majinyaci ke bi

Wanda ya taɓa zama a layin ganin likitan ƙwaƙwalwa ya san yadda zancen ke gudana. Uba ne ko kawu ya kawo yaro, an yi shatar mota tun asuba domin direban haya ba ya son ɗaukar wanda ke fizge-fizge. Malamin jinya ya buɗe kati ya tambaya: "Baba, tun yaushe ya daina barci?" Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, tun bayan girbi. An ce mana jifa ne, wasu suka ce iska ce." Sai tambayoyi su biyo baya: yana jin muryoyi? Yana cewa ana bin sa? Yana shan wani abu? Akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi? A wannan tambaya ta ƙarshe ake yawan yin shiru, domin akwai 'yan mata a gida da ba su yi aure ba, kuma kowa ya san abin da magana irin wannan ke yi wa neman aure.

Idan aka dace, cikin 'yan makonni yaron zai natsu, ya yi barci, ya gane mahaifiyarsa, a sallame shi da ƙwayoyi ko allurar wata-wata. Daga nan ne wahalar ta gaskiya ke farawa. Tsofaffin magungunan da suka fi araha sukan sa wuya ya ƙage, hannu ya riƙa rawa, miyau ya riƙa zuba, mutum ya yi ta barci da rana. Idan babu wanda ya yi wa iyali bayani tun farko, sai su ce maganin asibiti ya ƙara lalata shi, su watsar. Ƙwayar da ake bayarwa don warware wannan ƙagewa kuwa ita ce ekzol ɗin da matasa ke saye a bayan fage don buguwa, saboda haka bayar da ita ma sai da lura. Ga kuɗin mota daga Babura ko Gwiwa duk wata, ga damina da ke hana barin gona. An tsallake wata ɗaya, an tsallake na biyu, ciwo ya dawo, a ce dama ai hauka ba ya warkewa. Alhali ciwon yana lafawa ƙwarai idan an lizimci magani, kamar yadda hawan jini da ciwon sukari suke lafawa.

Mata sun fi shan wuya a wannan hanya. Matar da ta shiga damuwa bayan haihuwa, ta daina cin abinci, ta ƙi shayar da jariri, sau da yawa ana ce mata ta yi haƙuri, ko a ce kishi ne ke damun ta. Wadda abin ya yi wa tsanani sai a mayar da ita gidan iyayenta, wani lokaci takardar saki ta biyo ta. Ungozoma da ma'aikaciyar awon ciki ne suka fi kowa damar gano irin wannan da wuri, in an koya musu abin da za su duba.

Likita nawa ga mutum nawa

Shugabannin APN sun sha faɗa cewa ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Samar da guda ɗaya yana cin shekara shida a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki, shekara guda ta bautar ƙasa, sannan kusan biyar zuwa shida na ƙwarewa. Da yawa daga cikin waɗanda suka gama suna tafiya Ingila da Kanada da Amurka da Saudiyya, inda ake neman su ruwa a jallo. Waɗanda suka tsaya kuma sun taru a manyan birane da asibitocin koyarwa. An shekara da shekaru asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya takwas ne kacal, uku daga ciki a Arewa: Kaduna, Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato. Daga baya tarayya ta karɓi na Dawanau a Kano, wanda ke bakin hanyar da ta taso zuwa Ɗambatta da Kazaure.

Buƙata kuwa ƙaruwa take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya, kimanin miliyan uku daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A shekarar ce gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma tiramol da sholisho da wiwi ba su bar unguwanni ba. Garuruwan kan iyaka irin Babura, da ke maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar, da waɗanda ke kan manyan hanyoyi irin Kazaure, ba su tsira daga wannan ba.

Lissafin a bayyane yake. Ko da an ninka yawan ƙwararru sau uku, ba za a sami wanda zai zauna a kowace ƙaramar hukuma cikin 27 na Jigawa ba, balle mazaɓu 287. Duk ƙungiyar da ta ce sai ƙwararre ne kaɗai zai taɓa mai taɓin hankali, ta yanke wa mutanen karkara hukuncin zama babu magani.

Abin da 'yancin ya wajabta

An riga an gwada hanyoyin da ke aiki. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa malaman jinya da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi yadda za su gane ciwon damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya da shaye-shaye, su fara magani, su tura mai tsanani gaba, ƙwararre kuma yana zagayowa yana duba aikinsu. An yi amfani da shi a Jihar Binuwai, an kuma yi a Borno tare da asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri don waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. A 2020 mujallar Lancet ta buga binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Gana, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa shiga gidajen masu maganin gargajiya da na addini suna ba majinyata magani tare da su. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari da maganin gida kaɗai.

Ƙasar Kazaure ta dace da irin wannan tsari. Asibitin masu taɓin hankali na Kazaure yana nan a tsakiya. Akwai asibitocin matakin farko a mazaɓu. Akwai masarautar Kazaure ƙarƙashin Sarki Najib Hussaini Adamu, da ta Ringim wadda Babura ke cikinta, da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san gidan da aka ɗaure mutum a ciki. Akwai limamai da malaman zaure waɗanda su ne ake fara zuwa wurinsu. Malamin da ya yi wa yaro addu'a ya kuma ce wa ubansa, "Malam, a kai shi asibiti a haɗa da magani," ya taimaki gidan fiye da kowace sanarwa ta rediyo.

Abin da ya rage wa Majalisar Dokokin Jigawa shi ne ta tabbatar haƙƙoƙin da dokar 2023 ta ba majinyaci suna aiki a asibitocin jiha, da kwamitin sauraren ƙorafi da ɗan ƙauye zai iya kai wa gare shi. Hukumar lafiya a matakin farko ta horar da aƙalla ma'aikaci guda a kowace mazaɓa, ta yadda allurar wata-wata za ta samu a Roni da Gwiwa da Babura ba sai an yi shatar mota ba. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ta sanya magungunan ƙwaƙwalwa cikin waɗanda marasa ƙarfi ke karɓa. Gwamnati ta ɗauki nauyin 'yan jiha masu son wannan fanni, likitoci da malaman jinya da masana halayyar ɗan Adam da ma'aikatan jin daɗin jama'a, ta kuma ba su dalilin zama idan sun gama.

APN da kwalejojin biyu ma akwai nasu kason. Su ne ke tsara horo, saboda haka suna iya wajabta wa kowane likita mai neman ƙwarewa ya yi watanni a asibiti irin na Kazaure, yana duba majinyata yana koyar da ma'aikatan karkara, kafin ya zauna jarrabawar ƙarshe. Suna iya fitar da bayanan cututtuka da na magunguna da Hausa, a boko da ajami, su shiga gidajen rediyo suna amsa tambayoyin iyaye. Suna iya zama da majinyatan da suka warke da iyalansu a teburin shawara, su kuma yi magana a fili duk lokacin da aka ɗaure mutum, ko a gidan malam ne ko a asibitin gwamnati. Likitocin sun karɓi ragamar horonsu a 1979, sun sami dokar da suka nema a 2023. Yanzu jama'ar Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa suna da haƙƙin su tambaye su, su kuma tambayi gwamnatin jiharsu, a wace shekara ce magani zai iso mazaɓarsu.